Kin Samu Permit Ɗinki Kuwa?

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis ta watan Janairu ba, ko da kuwa zan kai shekarun tsofaffin da nake yi wa jinya. Shekara uku ke nan, amma har yau in na shiga ɗakin shan shayi na wurin aikinmu, na ga teburin nan mai gurguwar ƙafa, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Ni nas ce a wani gidan kula da tsofaffi kusa da Woolwich, a Plumstead nake zaune. Haifaffiyar Jos ce ni, kuma daga nan matsalar ta faro. Duk ɗan Jos da ya zo London yana da wata cuta, gani yake babu wanda ya kai shi sanin sanyi da duwatsu. (Gaskiyar magana, dutse ɗaya na taɓa hawa a rayuwata, na bayan makarantarmu, shi ma gwaiba muka je sata.) Saboda haka ranar da na tarar da abokan aiki suna hirar za su je hawan wani dutse mai aman wuta a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, a tsakiyar lokacin sanyi, dusar ƙanƙara a kansa, sai kawai na ji bakina ya ce, "Mu da aka haifa a kan dutse? Ku sa sunana."

Mai shirya tafiyar Helen ce, babbar nas ɗinmu, Baturiya mai furfura da ke shirin yin ritaya a shekarar. Ita ta koya mini aikin gidan lokacin da na zo. Ita ta ba ni safar hannu ta farko da na mallaka a ƙasar nan, bayan ta gan ni a tashar bas ina hura yatsuna. Ina faɗin wannan ne don mai karatu ya san girman abin da na tafka daga baya.

Na shiga tafiyar a makare, su bakwai sun riga sun yi nisa da shiri. Helen ta sa ni a group ɗinsu na waya, ta kuma turo mini wani dogon saƙo mai kama da huɗuba. Na karanta wajen jirgi, na karanta wajen takalma da rigar sanyi, sai aka kira ni ɗakin wata tsohuwa, na ce zan ƙarasa anjima. Anjimar nan ba ta zo ba. Group ɗin kuwa kwana biyu da shigata na kashe masa sauti, domin babu abin da suke turowa sai hotunan safa.

Ni a ganina na gama komai. Na yi booking ɗin jirgi, na nemi bizar Sifen na samu, na sayi takalma masu nauyin turmi. Kowace Asabar muna haɗuwa mu hau tudun Shooters Hill mu sauko, mu sake hawa, don ƙafafu su saba. Kullum ni ce a ƙarshe ina haki, ina cewa da gangan nake tsayawa baya don kada wani ya ɓace.

Akwai abin da ya kamata in faɗa kafin mu yi gaba. A lokacin, mu baƙi kati ake ba mu na izinin zama a ƙasar, kuma permit kowa yake ce masa. Shekarar da ta gabata na nemi a sabunta nawa, ya ƙi fitowa da wuri. Wata da watanni ina jira, ofishin wurin aiki suna kirana jefi-jefi su tambaya ko ya iso, domin dole ne su tabbatar. Duk ambulan ɗin wasiƙa da ya faɗo ta ƙofa sai gabana ya faɗi. Katin ya zo daga ƙarshe, amma kalmar ta riga ta zame mini gyambo. Ko a talabijin na ji an ce permit sai in canja tasha.

To, wata Asabar muna saukowa daga tudun, Helen ta rage tafiya ta jero da ni, ta ce da Turanci, "Af, kin samu permit ɗinki kuwa?"

Na tsaya cak. Na ce, "Ina da shi."

"Madalla. Ki turo mini kwafi in kin samu sarari."

Na ce to. Amma tun daga nan har na isa gida ina juya maganar. Helen ba a ofis take aiki ba, me ya haɗa ta da katina? Kuma me ya sa ta jira sai da sauran suka yi gaba sannan ta tambaye ni? Na lallashi kaina na ce wataƙila suɓutar baki ce, na ƙi tura komai.

Ranar Talata muna ɗakin magani mu biyu ta sake ɗauko zancen. Ta ce, "Ban ga kwafin ba har yanzu. Ki duba kwanan watan da ke jikinsa da kyau, ya dace da tafiyarmu? Mutanen nan ba sa wasa. In babu shi, a ƙofa za su tsayar da ke, mu wuce mu bar ki."

Na ce, "Kwanan watansa lafiya lau yake."

"To shi ke nan. Naki kaɗai ne ya dame ni, na sauran duk ba matsala."

Na sauran duk ba matsala. Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Na sami wata Baturiya cikin matafiyan na tambaye ta a gefe ko Helen ta taɓa neman ganin takardun zamanta. Ta yi dariya ta ce, "Ni? Me za ta yi da su?" Shi ke nan, na sami hujja.

Baƙar fata mu biyu ne a tafiyar, ni da Alhaji Issaka, mutumin Kumasi mai kula da gyare-gyaren gidan, wanda muke Hausa da shi in mun haɗu a baranda. Da na tambaye shi, da komai ya ƙare a nan. Amma na ce shi ya fi shekara talatin a ƙasar, fasfon Ingila gare shi, wa zai tambaye shi? (Dalili na gaskiya shi ne ba na so ya ga abin yana ba ni tsoro.)

Wadda na kai wa ƙara ita ce Anti Rifkatu, ƙanwar mahaifiyata da ke Abbey Wood. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na bi ta gida, na tarar da ita a kicin tana haɗa gwaten acca. Ina ba ta labari, ta ajiye ludayin.

"Maimaita mini. Ta ce me?"

Na maimaita.

"Haka suke farawa, 'yata, da murmushi. Na daɗe a ƙasar nan, babu irin wanda ban gani ba. Ita ma'aikaciyar shige da fice ce?"

"A'a, Anti. Amma fa tana da kirki, ita ce ma ta..."

"Kirki? Kaza ma sai an watsa mata tsaba ake kama ta. Ki rubuta. A ƙasar nan abin da ba a rubuce yake ba bai faru ba. Kuma kada ki yi mata magana a ɓoye. A gaban mutane za ki yi, kowa ya shaida, ta san kin san 'yancinki."

Na fito daga gidan cikina cike da gwate, zuciyata cike da yaƙi. Washegari na rubuta wa manajanmu, Mista Collins, cewa wata babbar ma'aikaciya tana matsa mini da tambayar takardun zamana, ni kaɗai, kuma ban ga dalili ba sai launin fatata. Na rubuta sunan Helen. Ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa, fuskarsa babu wasa. Ya ce zargi ne mai nauyi, in aka buɗe shi zai shiga fayil ɗinta, shin na tabbata? Na ce ya zo taronmu na ƙarshe ranar Alhamis ya ji da kunnensa, na san za ta sake tambaya.

Kwana ukun nan ban ji daɗinsu ba. In na hango Helen a baranda sai in faɗa ɗakin wani tsoho in fara gyara matashin da ba ya bukatar gyara. Ranar Laraba na tarar da hular ulu a kan lokata ta ajiye kaya, da 'yar takarda da rubutun Helen cewa iskar saman dutsen tana cin kunne. Na tsaya riƙe da hular. Wata zuciyar ta ce in je in same ta mu yi magana. Wata kuma, da muryar Anti, ta ce ga tsabar nan. Na cusa hular a jaka.

Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu, bayan an miƙa aiki ga masu karɓa, muka taru a ɗakin shan shayi. Ana yayyafi a waje. Mu takwas muka kewaye teburin, Mista Collins ya zauna a gefe da littafinsa a kan gwiwa. Helen ta gan shi ta yi murna, ta ce, "Kai ma za ka bi mu ne?" Ya yi wani guntun murmushi kawai.

Ta buɗe wata jakar roba mai takardu ta fara bayani. Ta ce hanyar saman dutsen takan yi santsi da ƙanƙara, kowa ya zo da ƙarafan nan masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi. Ta ce akwai wani keji mai tafiya a kan waya da zai kai mu kusa da sama, amma in iska ta yi ƙarfi sukan tsayar da shi. Ban ji rabin abin da take faɗa ba. Katina yana cikin aljihun rigata, ina ta shafa gefensa da ɗan yatsa. Har na fara addu'ar Allah ya sa ta manta.

Ba ta manta ba. Ta dube ni ta ce, "Saura abu ɗaya. Ba na so in matsa miki, amma kwana tara ya rage. Permit ɗin nan."

Na miƙe tsaye.

Jawabin da na yi, na kwana biyu ina haddace shi a gaban madubi, kuma sai in ce ban taɓa Turanci mai kyau irin na ranar ba. Na ce shekara shida ina aiki a gidan nan ban taɓa makara ba. Na ce ina biyan haraji kamar kowa. Na ce hukumar ƙasa ta bincike ni ta gamsu, ofis ya bincike ni ya gamsu, ofishin jakadancin Sifen ya gamsu, saura Helen. Na tambaye ta me ya sa cikin mutum takwas ni kaɗai take bi lungu-lungu da wannan tambayar.

Ina cikin haka na ji Alhaji Issaka ya ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "'Yar Jos, ka zauna. Ba shi ba ne." (Hausarsu ta zongon Kumasi ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne.)

Na ce, "Alhaji ka bar ni, yau sai na faɗa."

"Don Allah ka zauna. Ka ji magana."

Ban ji ba. Na ɗauka tsoro ne irin na dattijon da ya saba haɗiye wulaƙanci. Na zaro katin na buga shi a kan teburin da dukan ƙarfina, na ce, "Ga shi. Ki duba kwanan watan da kanki." Teburin ya karkata ta wajen gurguwar ƙafar, kofin shayin Helen ya kife a kan takardunta.

Shayin ya bi gefen teburin yana ɗiga a ƙasa, babu wanda ya motsa ya goge. Helen ta dubi katin, ta dube ni.

Ta ce, "Mene ne wannan?"

"Permit ɗin da kike ta nema."

Na ga fuskarta ta yi ja, sannan jinin ya janye gaba ɗaya. A hankali ta ɗaga jakar robar, ta karkaɗe shayin, ta zaro takardu bakwai ta jera su a busasshen gefen teburin. Kowace da sunan mutum ɗaya, da lambar fasfonsa, da rana, da sa'a. A saman kowace akwai sunan dutsen.

Ta ce, muryarta a sanyaye, "Ba a barin kowa ya hau ƙololuwar dutsen sai da takardar izini daga masu kula da wurin. Mutane kaɗan suke bari a rana, shi ya sa ake nema tun da wuri. Kowa shi yake cike tasa da fasfonsa, ba zan iya cike miki ba. Akwai masu gadi a wata ƙofa can sama suna dubawa. Kowa ya turo mini tasa tun kafin Kirsimeti. Yana cikin saƙon da na turo miki, da manyan baƙaƙe na rubuta shi."

Ban san ko mai karatu ya taɓa jin ƙasa ta ƙi tsagewa ba. Na roƙe ta, ta ƙi. Ina tsaye, hannuna har lokacin a miƙe yana nuna katin, shi kuma yana kwance cikin shayi, hotona yana kallona. Na tuna ƙofa, na tuna kwanan wata, na tuna na sauran duk ba matsala. Kowace magana ta koma mazauninta, ta bar ni ni kaɗai a fili.

Da dariya aka yi da na samu sauƙi. Babu wanda ya yi. Helen ta juya ta dubi Mista Collins da littafin da ke kan gwiwarsa. Ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Abin da ya kawo ka ke nan?"

Ya rufe littafin.

Sai ta juyo gare ni. "Shekara shida muna aiki tare. Kin yarda a ranki zan yi miki haka?"

Turancin nan mai kyau duk ya gudu. Na sunkuyar da kai. Ta tattara takardunta bakwai, ta ce wa sauran su huta lafiya, ta fita. Suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon takalminsa. Alhaji Issaka ne ya rage. Ya ɗauki katin ya goge da hankicinsa ya miƙo mini, ya ce, "Ka adana abinka. Shi ma da wahala aka same shi."

Washegari Mista Collins ya ce tunda a rubuce na kai ƙara, a rubuce zan janye, kuma in bayyana dalili. Sau biyar ina rubutawa ina gogewa. Babu wata hanya mai mutunci da mutum zai rubuta cewa bai karanta saƙo ya kai ƙarshe ba.

Wuyar ita ce Helen. Na same ta a ɗakin magani tana jera ƙwayoyi, ba ta ɗago ba. Na ba ta haƙuri. Na gaya mata watannin da na yi ina jiran katin, da yadda nake tsoron faɗowar wasiƙa ta ƙofa, abin da ban taɓa gaya wa kowa a wurin aiki ba. Na ce wannan ba uzuri ba ne, ina dai so ta san inda haukan ya fito.

Ta ci gaba da jera ƙwayoyin. Can ta ce, "Ban san haka kalmar take a wurinki ba. Da na sani da takardar dutse zan ce." Ta rufe kwalbar da ke hannunta. "Amma da wurina kika fara zuwa, ba ofis ba. Wannan ne ya yi mini ciwo."

Na ce haka ne.

A tsaye a nan ta ciro wayarta muka duba shafin neman izinin. Ranarmu ta cika, washegari ta cika, har bayan dawowarmu babu gurbi ko ɗaya. Mako guda Helen ba ta yi mini murmushi ba, amma kowace safiya sai ta duba ko wani ya yi cancel, ta zo ta ce mini, "Babu," ta wuce. Har muka tafi babu.

Na bi su duk da haka, don in na zauna a gida kunyar ta zama biyu. Kejin ya kai mu sama, muka fito cikin wata iska da ta sa na nemi gafarar duk wanda na taɓa yi wa alfahari da sanyin Jos. Ga 'yar ƙofar nan kuwa, ƙarama, da mai gadi a cikin ƙatuwar riga yana haɗa takarda da fasfo. Su bakwai suka wuce suka kama siririyar hanya cikin ƙanƙara. Ni na zauna a kan wani dutse da jakunkunansu, warin farar wuta yana saukowa kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ina kallonsu suna ƙanƙancewa har suka zama ɗigo-ɗigo.

Da suka sauko, fuskokinsu kaɗai sun isa labari. Alhaji Issaka sai tasbihi yake, yana cewa ya sa hannu a wani tsagi ya ji ɗumi yana fitowa daga cikin ƙasa. Helen ta zo ta zauna kusa da ni tana haki, ta karɓi jakarta, ta ce, "Hazo ne kawai a can. Ba ki rasa komai ba." Sararin sama kuwa tas yake, ko ɗigon gajimare babu. Na gode mata, muka raba biskit ɗin da ya rage.

Bayan mun dawo na je Abbey Wood na kwashe komai na gaya wa Anti Rifkatu. Ta saurara har ƙarshe, ta gyara ɗankwalinta, ta ce, "To ni na ce ki buga kati a kan tebur? Ni cewa na yi ki yi bincike. Ku yaran yanzu ba ku da haƙuri."

Tun daga ranar na koyi abin da ba a koyarwa a makarantar jinya. Mai zuga ka yaƙi ba ya cikin ɗakin ranar da za a sha kunya, yana gida yana tuƙa abincinsa. Yanzu in wani ya faɗi maganar da ta sosa mini rai, kafin in haddace jawabi sai in fara tambaya, "Wanne kake nufi?" Tambayar ba ta kai jawabi daɗin faɗa ba, amma ban taɓa janye ta a rubuce ba.